Yatsan Orval Tibbets

Ni ba na yabon namiji, wannan duk kwarin Greybull an sani. Shekara arba'in da ɗaya muka yi da mijina Clyde, abin da ya fi samu daga bakina shi ne "ba laifi". To amma yau ƙanensa Orval zan yaba, in ya so idan maganar ta koma kunnensa sai in ce ba ni ba ce.

Ina da shekara goma sha tara aka kawo ni gidan Tibbets. Orval yana da goma sha huɗu, siriri kamar sandar shinge, ga kunnuwa kamar an buɗe ƙofofin mota. Tun ranar nake kiransa Auta, kuma ban daina ba ko da furfura ta cinye masa kai. Shekara talatin da shida ya yi yana aikin raba ruwan noma, yana bin magudana yana buɗe wa wannan yana rufe wa wancan, aikin da ba ya barin mutum da aboki. Ya auri Nadine, baiwar Allah mai haƙuri, suka haifi 'ya ɗaya, Twila. Nadine ta rasu, Clyde ya bi bayanta, aka bar ni da Auta gida na kallon gida, hanya ce kawai a tsakani. Ka ga hukunci.

Amma ba da ruwa aka san shi ba. Da ɗurin harsashi aka san shi.

A wajenmu ba a zubar da kwanso. In ka harba, sai ka tsince kwanson ka jefa a gwangwanin kofi, in ya cika ka kai wa Orval. Yana da wani ɗaki a bayan rumbun ciyawa, da tebur mai kauri, da sikeli, da injin matsi wanda ya gada wajen ubansu. Zai wanke kwanson, ya fitar da tsohon ƙyastu, wato ɗan abin nan da bai kai ƙwayar wake ba da ke gindin harsashi, wanda gudumar bindiga ke sara wuta ta tashi. Ya sa sabo, ya auna albarushi, ya ɗora dalma. Duk wannan wasu ma suna yi. Abin da ya raba Orval da su shi ne yatsa. Kowane ƙyastu ya dasa, sai ya shafa gindin kwanson da manuninsa na dama, ido a rufe. Dole ya ji ƙyastun ya ɗan nutse ƙasa da bakin kwanso, kamar kaurin gashi biyu. In bai ji haka ba, wannan kwanson ba zai ga albarushi ba. Sannan kowane kwali sai ya manna masa takarda da kwanan wata.

Shekara hamsin da bakwai yana yi, harsashinsa bai taɓa ƙin tashi ba. Bai taɓa faɗar haka da bakinsa ba. Gadarar Orval a tafiya take, in ka ga yadda yake shiga coci ka san mutumin nan ya san abin da ya taka.

Sai ƙarshen watan Mayu, shekarar da ya cika saba'in da uku. Mun tashi daga coci mun zauna a shagon Opal kamar kowace Lahadi, ni da Orval da Twila, ana cin burodi da romo. Sai ga Hoyt Brandvold, mai tumakin nan na gangaren kogi, mutumin da cikinsa ke riga shi shiga ɗaki. Bai ko cire hula ba ya zo ya dangwarar da harsashi ɗaya kusa da kofin Orval.

Ya ce, "Tsoho, ga ɗanka na dawo maka da shi. Ya ƙi aiki."

Orval ya dubi harsashin bai taɓa ba.

Hoyt ya juya don kowa ya ji. "Dila ya shigo mini garke jiya, ya ɗauki ɗan rago a gabana. Na zaro libarba na ja, ta ce ƙyas. Na sake ja, ta ce ƙyas. A na uku ta tashi, lokacin dila ya kai jihar Montana. Da na mayar da biyun, ɗaya ya tashi a bugu na biyu. Wannan kuwa na ce bari in kawo wa mai shi tsaraba."

Na ce, "Hoyt, ko duka harsasai shidan da ke cikinta sun tashi dilan nan lafiyarsa ƙalau. Kai da ka harbi tankin ruwanka sau biyu."

Aka yi dariya, ban da mutum biyu. Orval ya ɗauki harsashin yana duba gurbin sara a kan ƙyastun, ɗan gurbi marar zurfi. Twila kuwa ubanta take kallo.

Ga abin da ya sa. Twila ce ke hawa dutse da shanun ƙungiyar makiyaya duk shekara, daga goma ga Yuni har Satumba. Ita kaɗai, da dawakai biyu, da kare, da libarba a ƙugu, a ƙasar da beyar, ƙaton naman dawan nan mai farata, ke yawo kamar gonar ubansa. Shekara ashirin da biyu harsashin babanta take ɗauka. A mota muna komawa ta yi magana, idonta a kan hanya.

"Baba, bana na kanti zan saya."

Orval ya juya harsashin Hoyt a tafinsa. Ta ci gaba.

"Ba raini ba ne. Dila ya ba Hoyt damar ja sau uku. Beyar sau ɗaya yake bayarwa. Kuma ina ganin lokaci ya yi da za ka rufe ɗakin nan, tun ba a kai ga abin da za mu yi kuka ba."

Na buɗe baki zan sa nawa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Saura kwana goma sha biyar ki hau. In ban gano dalili ba kafin nan, ni da kaina zan loda injin da teburin in kai gwanjo. In na gano kuma, sai ki duba ki yanke hukunci."

Ta ce, "Na yarda."

Washegari da safe na ji a-kori-kurarsa tana tari a ƙofata. Ya ce, "Matar Yaya, ki zo ki riƙe mini littafi." Ya ciro littafin da yake rubuta wa ya ba wane kwali, yaushe. Gida goma sha ɗaya muka zaga a yini biyu, yana karɓo duk harsashin da ya ɗura tun kaka. Kowa sai ya ce haba Orval, harsashi ɗaya ne fa, kuma Hoyt ne fa. Shi kuwa sai ya miƙa hannu ya tsaya har a ɗauko. Wata gwauruwa can bayan gada har ɓoye nata ta yi, wai ta fi yarda da lalataccen na Orval a kan sabon na kanti. Na ce mata ta fito da shi, in aure take nema akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ta fito da shi.

Rana ta uku ya sa Hoyt ya kawo libarbar tasa. Ya shimfiɗa tsumma, ya kwance mariƙin, ya leƙa ciki, sai na ga kunnuwan nan sun motsa.

"Hoyt, wa ya taɓa wannan kusar?"

"Wace kusa?"

"Wannan da ke riƙe sifirin ɗin guduma. An sassauta ta zagaye biyu."

Hoyt ya soma sosa ƙeya. "Ai... kunamar ce ta yi mini tauri. Wani a kasuwar bindigogi ya ce in na ɗan sassauta za ta yi laushi."

"Ta yi laushi kuwa. Gudumar ma ta yi laushi. Shafa ƙyastu take yi, ba sara ba."

Jama'a, ranar na ci duniya. Na ce, "Hoyt, ka kunce wa bindiga zariya sannan ka zo shagon Opal kana cewa wandonta ya faɗi?" Na bi shi da magana har mota. Kafin azahar na buga wa Opal waya, kafin la'asar duk kwari sun ji. Twila ma da ta ji ta sauke ajiyar zuciya a waya ta ce, "To alhamdu lillahi, Inna Verna, dama ban so ya zama shi ba."

Nan ne duk wani mai hankali zai tsaya. An wanke shi, 'yarsa ta sauko, abokin gaba ya sha kunya. Na soya nama na tsallaka hanya da shi don a yi murna, sai na tarar da Auta yana ɗaura tasa libarbar.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Bayan tudu. Zan gwada harsasan a tawa."

"Don me? Ba ka ji kusa ba ce?"

Ya ce, "Laifin Hoyt bai wanke ni ba. Da kusar kaɗai ce, da duka shidan sun yi gardama, ko aƙalla ba biyu a jere ba sauran lafiya. Akwai abin da ya raba biyun nan da 'yan'uwansu."

"Auta, Allah ya rufa maka asiri kana yaye bargon da hannunka."

"Twila ce za ta ɗauke su, matar Yaya."

Na bi shi, ina mita. Ya jera gwangwanaye a jikin tudu, ya dinga ɗiba daga kwalaye daban-daban yana harbawa. Shida, sha biyu, sha takwas, ashirin da huɗu. Na fara cewa ka gani ko. A na ashirin da bakwai, bindigar da ba a taɓa sassauta mata komai ba, ta ce ƙyas.

Ya riƙe ta yana nuna tudu, yana ƙirge a hankali har talatin, don wani harsashin yakan yi nawa sannan ya tashi. Bai tashi ba.

Kwana biyu yana bin abin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ko mai ne ya taɓa ƙyastun, don mai na kashe shi. Ya duba, babu, tun da shi ko man shafawa ba ya shiga ɗakin da shi, kuma fatarsa shaida ce. Ya ce ko danshi ne, ya duba akwatin ajiya, a bushe. Ya ce ko ya rikita ƙyastun doguwar bindiga da na libarba, don na doguwar ya fi tauri ya fi tsayi, ya zazzage kwalayen ya duba, kowanne yana gidansa. Ya duba ramin ƙyastu ko datti ya taru, fes. Ya jera harsasai ɗari a tebur ya bi su da yatsa, ido a rufe, ya ce duk sun nutse yadda ya kamata.

Ina zaune a kan buhun dusa ina ɗinkin bargo. Don in tsokane shi kawai na ɗauki ɗaya na rufe ido na kwaikwayi yadda yake yi, har da ɗaga haɓa. Sai na ji abu ya ɗan kama mini fata. Na ɗauki wani, sumul. Na koma na farkon.

Na ce, "Auta, wannan ai cibiyarsa ta fito."

"Ajiye mini kaya."

"Na ce maka ta fito. Shekara sittin ina laluben bakin allura a cikin bargo, na san abin da ya ɗago."

Ya karɓa ya shafa. Ya sake shafawa. Ya ce, "Lafiyarsa lau." Amma muryar ba tasa ba ce. Sai ya ɗauko ƙaramin ma'aunin zurfi daga aljihun tebur, abin da ban taɓa ganin ya taɓa ba, ya ɗora. Ya daɗe yana kallon allurar ma'aunin.

Na ce, "Miƙo hannun."

Ya miƙo kamar yaro. Na soka masa allurata a kan manuni, ba da ƙarfi ba. Bai motsa ba. Na ƙara. Sai da jini ya ɗan tsattsafo yana kallona yana jira in fara.

A watan Janairun shekarar ne famfon shanu ya daskare, ya yi awa biyu yana fama da shi babu safar hannu, don taurin kai. Ƙanƙara ta ci kan yatsun, suka yi fari, suka warke, ya ɗauka shi ke nan. Ashe yatsan ya tafi ya bar hotonsa. Ga kuma babban yatsa da sanyin ƙashi ya raunana, shi ne ke matsa ɗan abin dasa ƙyastu na hannu. Wani ya kai shi ƙasan rami, wani ya tsaya a hanya. Wanda ya tsaya a hanya, in guduma ta sare shi sai ƙarfin ya tafi wajen tura shi ciki, wuta ba ta tashi sai a bugu na biyu. Da can yatsa ke kama irin waɗannan. Yanzu mai gadi ya yi barci a tsaye.

Ya zauna. Ya ce, "To an gano." Ya jawo tamfol ya rufe teburin.

Kwana biyu ban ga hayaƙi a bututun ɗakin ba. Na kai masa abinci, ya ci, ya gode, wanda wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na san maganin abin, shi ma ya sani, amma na rantse ba ni zan fara faɗa ba. Clyde ma ya yi ɗurin harsashi a zamaninsa, shi kuwa da farantin gilashi yake dubawa. Ka tsayar da harsashi a kan gilashi, in ƙyastu ya nutse zai tsaya cik, in ya ɗago zai yi rawa kamar tebur mai gajeriyar ƙafa. Shekara arba'in Orval yana yi wa wansa dariya a kan gilashin nan. Cewa yake gilashi na masu mataccen yatsa ne. Har a taron biki ya taɓa faɗa.

Rana ta takwas da safe ina shanya, na gan shi ya tsallako hanya, hula a hannu. Ya tsaya yana duba kajina kamar zai saya.

Na ce, "Ba na sayarwa ba ne."

"Matar Yaya... kayan Clyde na ɗuri, suna nan?"

"Wanne daga ciki?"

"Kin sani."

"Ni tsohuwa ce, kaina ya toshe. Faɗi sunansa."

Ya murɗa hular a hannu. "Gilashin."

"Wanne? Na masu mataccen yatsa?"

Ya ce, "Shi. Mai shi ya zo."

Na so in ƙara ja, wallahi na so, amma na ƙyale shi. Na shiga na ɗauko shi daga ƙasan gado, a naɗe cikin tsohuwar rigar Clyde.

Yini ɗaya da rabi muka yi. Shi yana tsayarwa a gilashi, ni ina bi da yatsa, kowa bai yarda da ɗan'uwansa ba. Cikin dubu ɗaya da ɗari da arba'in, sittin da uku suka yi rawa. Na ce ya mayar da su injin ya ƙara danna ƙyastun, ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce wanda ya gaji da fuskarsa ne ke danna ƙyastu a harsashin da ke cike da albarushi. Ɗaya bayan ɗaya ya warware su, ya cire dalma, ya juye albarushi, ya sake daga farko. Ɗan abin dasawa na hannu kuwa ya rataye shi a ƙusa, ya ɗaura wani mai dogon mariƙi a jikin tebur, wanda ake ja da dukan hannu har kafaɗa ta ji ya zauna.

Lahadi ta zagayo, ana gobe Twila za ta hau. A shagon Opal ya miƙe tsaye, mutumin da ko a jana'izar matarsa bai yi jawabi ba. Ya buga cokali a kofi.

Ya ce, "Jama'a, an gaya muku kusar Hoyt ce. Gaskiya ne ya sassauta kusa, kuma wauta ce. Amma harsashin nan nawa ne ya gaza. Yatsana ya mutu tun Janairu ban sani ba, na ba ku kaya sittin da uku da bai kamata su fita daga ɗakina ba. Na gyara. Kwalayenku suna mota. Wanda ya ga ya fi masa ya koma kanti, bai yi mini laifi ba. Hoyt, ka yi haƙuri da ragonka."

Hoyt ya yi ja har wuya. Ya ce, "To ai... ni ma..." Sai ya ce wa Opal ta ƙara wa tsoho kofi. Na ce wa Hoyt ya lura, wannan ne karo na farko da aka ba shi haƙuri yana da rabin gaskiya, kada ya saba. Kafin mu gama cin abinci babu kwali ɗaya da ya rage a bayan motar.

Twila ta gama cin abincinta ta tashi. Ba mai yawan magana ba ce, ba ta gado ni ba, tun da ba ni na haife ta ba.

Litinin da hantsi ta tsaya a ƙofar ubanta, dawakai a tirela, kare a gaba. Na tsallaka da sunan kawo mata gurasar tuffa. Ta shiga ɗakin ɗuri da kwalin kanti a hannu, sabo, ko buɗe shi ba a yi ba. Orval ya tura mata nata kwalin da gilashin, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ta tsayar da harsasan ɗaya bayan ɗaya, duka hamsin, tana taɓa kowanne da farce ta ga ko zai motsa. Ta ɗebi goma sha biyu daga inda ta ga dama, ta fita bayan tudu. Muna tsaye muna ƙirgawa, ni da baki, shi da kunnuwa. Sha biyu cif.

Ta dawo tana zazzage kwanson a gwangwani. Ta buɗe gangar libarbar ta zura shida daga na ubanta, ta mayar ƙugu, ta sa sauran a jakar sirdi. Kwalin kantin kuwa ta ajiye a kan teburinsa.

Ta ce, "Baba, ka harbe waɗannan in ka samu lokaci. Kwansonsu mai kyau ne, ka ɗura mini su kafin Satumba."

Ya ce, "To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Motar ta tashi, ya tsaya a bakin hanya har ƙurarta ta kwanta, sannan ya ciro hankici yana ta fama da hanci. Na tambaye shi ko kuka yake. Ya ce ciyawa ce. Na ce lallai ciyawar bana da ƙarfi take, ya shiga ya wanke fuska kafin kajina su gani su raina shi.